Dutsen da Ya Faɗo daga Motar Ilu

A wani gari da ba sai na kira sunansa ba, shekaru masu yawa da suka wuce, an yi wani mutum, wani bawan Allah, ana ce masa Ilu. Masu hira a can baya, ku yi shiru. Yau raina a ɓace yake, kuma saboda ku na ɗauko labarin nan.

Ilu direba ne. Ba malami ba ne, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Abin da ya mallaka a duniya wata tsohuwar a-kori-kura ce, da wata 'yar tirela mai taya biyu da wani mai walda ya haɗa masa, yana maƙala ta a bayan motar. Sana'arsa jigilar duwatsu. Ba na gini ba, na ado: fararen nan masu santsi da ake kwasowa a bakin rafi, waɗanda masu hali suke jerawa a harabar gida, a zagaye furanni da su. Daga rafin zuwa gari tafiyar awa biyu ce, kuma a tsakiyar hanya akwai wata doguwar gangara mai kwana a gindin tsauni.

Duk wanda ya taɓa jan kaya a baya a cikinku ya san dutse ba buhun masara ba ne. Buhu inda ka kwantar da shi nan yake kwana. Dutse mai santsi kuwa motsi yake yi, wannan ya ture wancan. Kuma idan ka cika tirela ya wuce ƙima, a gangara ita ce take tura motar, ba motar ce take jan ta ba. Ilu ya san wannan sarai. Shi ya sa shekara goma sha yana wannan aiki bai taɓa bari lodi ya wuce bakin bodi ba. Ya gwammace ya yi sahu biyu.

Sai wani ɗan kwangila, Alhaji Ɗanjummai, ya samu aikin ƙawata gidan wani babban mutum, gidan da za a yi walimar buɗe shi ranar Asabar. Ya ɗauki Ilu jigila. Aka yi ta kai duwatsu har ranar Alhamis, abin da ya rage a bakin rafin ya fi sahu ɗaya, bai kai biyu ba. Ranar Alhaji da kansa ya zo wurin, ya tsaya a inuwa yana kallon 'yan lodi.

Ya ce, "Ilu, a kwashe su duka."

Ilu ya ce, "Alhaji, wannan ya fi ƙarfin sahu ɗaya. Bari in kai wannan, gobe da sassafe in dawo in ɗauki saura."

"Gobe masu jeri za su gama aikinsu. Ni ba ni da gobe."

"Ranka ya daɗe, akwai gangara a hanyar nan. In na tula su, igiya ba za ta riƙe ba."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Direbobi nawa ne a tashar nan suke zaune ba aiki? In ba za ka iya ba, a sauke wanda aka loda, in aika a kira wani. Amma ka sani daga yau ba ni ba kai, kuma duk mai kwangilar da na sani zan gaya masa halinka."

Ku saurara da kyau. Ban ce muku Ilu mala'ika ba ne. A nan ya faɗi. Ya tuna gida, ya tuna bakunan da suke jiran sa, tsoron mutum ya rinjaye shi, ya ce wa 'yan lodi su ci gaba. Aka tula duwatsu har suka yi tsini. Na ƙarshe wani ƙato ne, fari mai jan zane a tsakiya, sai da mutum biyu suka kama shi suka ɗora a can baya. Ilu ya rufa tamfol, ya ɗaure da duk igiyar da yake da ita, ya yi bisimilla, ya tayar da mota.

Ya tafi a hankali. Da ya iso gangara ya sa babbar giya, tirela tana tura shi, yana jin birki yana wari. A daidai kwanar nan sai ya ji motar ta yi wata girgiza. Ya ɗauka rami ya taka. Bai tsaya ba, domin tsayawa da irin wannan nauyi a kan gangara ita ma haɗari ce. Ya iso gari kafin la'asar, ya yi hamdala, ya zagaya zai kwance igiya.

Sai ya ga igiyar baya ta saki, tamfol ya yage, ga gurbi. Ƙaton dutsen nan mai jan zane babu shi.

Bai jira an gama sauke kaya ba. Ya cire tirela ya bar ta a nan, ya juya da motar, ya kama hanya yana duba titi hagu da dama. Da ya iso kwanar, sai ya tarar mutane suna watsewa. Ga babur a gefe ya lanƙwashe. Ga jini a kwalta an zuba masa ƙasa. Ga dutsensa an mirgina shi bakin hanya.

Ya sauko ya tambayi wani manomi da yake tsaye da fartanya a kafaɗa, "Baba, me ya faru a nan?"

Manomin ya ce, "Hashimu tela ne, na ƙauyen can. Daga kasuwa ya taho da yadi, ya shawo kwana ya tarar da dutse a tsakiyar titi. Ƙafarsa ta dagargaje. An tafi da shi asibiti."

"Daga ina dutsen ya fito?"

"Daga tsauni mana. Duk shekara sukan gangaro. Ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba."

Kun ji? An riga an yanke magana. An ɗora wa tsauni laifi. Duwatsun tsaunin nan baƙaƙe ne, wannan kuwa fari ne, na rafi, amma ba wanda ya lura, ba wanda zai lura. Babu wanda ya ga motar Ilu, babu wanda ya riƙe lambarta. In ya shiga mota ya juya a wannan lokacin, har ya mutu ba mai tambayarsa. To ni yanzu ku nake tambaya, mutum nawa ne a cikin masallacin nan ba zai juya ya tafi ba? Kada ku ba ni amsa. Na san amsar, ita ce take ƙona mini rai.

Ilu ya koma gari, ya tarar da Alhaji Ɗanjummai a gidan da ake ƙawatawa, yana nuna wa masu jeri inda za su sa kowane dutse. Ya ja shi gefe ya gaya masa duk abin da ya faru.

Alhaji ya ce, "Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To mene ne abin damuwa? Sun ce tsauni ne, ka bar shi a tsauni. Je ka gida ka huta."

Ilu ya ce, "Alhaji, mutum yana kwance a asibiti saboda lodinmu."

Alhaji ya ɗaure fuska ya ce, "Lodinka dai. Ni ban riƙe sitiyari ba. In ka kuskura ka sa sunana a maganar nan, za ka gane ba ka da wayo."

Ku dubi wannan tambaya tasa. Bai ce mutumin yana da rai ba? Bai ce yana da iyali ba? Bai ce wane asibiti aka kai shi ba? Cewa ya yi, wa ya gan ka? Kuma mutumin nan a sahun gaba yake salla. Irinsa suna nan har yau, suna da yawa, wasu ma da su muke gaisawa.

Ilu ya je gida bai iya cin abinci ba. Da gari ya waye, bayan ya dawo daga masallaci, ya zaunar da matarsa Hansai ya gaya mata komai, ya ce zai je asibiti ya faɗa wa mutanen gaskiya.

Hawaye suka zubo wa Hansai. Ta ce, "Malam, in suka sa aka ɗaure ka, mu fa? Wa zai kawo mana ko ƙwayar hatsi?"

Ya ce, "Ban sani ba, Hansai. Shi ma telan yana da mata, ita ma yau tambayar da take yi ke nan."

Ta share hawayenta. Sannan ta tashi ta ɗauko masa hularsa ta ce, "In za ka je, ka je yanzu, kafin in fara roƙonka ka fasa."

Ya je. A ƙofar ɗakin marasa lafiya ya tarar da yayan Hashimu, wani mutum ana ce masa Mudi, tare da dangi sun yi jugum. A nan ya ji cewa likita ya yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Ita ce ƙafar da Hashimu yake taka keken ɗinki da ita. Ilu ya yi sallama, ya durƙusa a gaban Mudi ya ce, "Ni direba ne. Dutsen da ƙaninka ya yi karo da shi ba daga tsauni ya gangaro ba. Daga motata ya faɗo. Na yi lodin da ya fi ƙarfinta, kuma na san ya fi ƙarfinta."

Mudi ya zabura. Sai ya ɗaga hannu ya kwaɗa masa mari, ya ƙara masa wani. Ilu bai kare fuskarsa ba, bai tashi daga durƙuson ba, sai da mutane suka riƙe Mudi. Aka kira 'yan sanda suka tafi da shi.

Ranar Asabar yana tsare aka yi walimar buɗe gidan. An ci an sha, baƙi suna zagaya harabar suna yaba duwatsu, suna cewa Alhaji Ɗanjummai ya iya aiki. Da hukuma ta kira Alhajin, ya zo da babbar riga ya ce shi duwatsu ya ce a kawo masa, bai koya wa kowa tuƙi ba, har ma ya gargaɗi direban ya rage lodi bai ji ba. 'Yan lodin da suka ji komai da kunnensu aka tambaye su, kowa ya ce bai tuna ba, domin a hannun Alhaji suke samun aiki. Aka juyo ga Ilu. Ya ce, "Shi ya ce a cika, wannan gaskiya ne. Amma ni na yarda na ja. Da na ƙi, da dutsen yana bakin rafi har yanzu." Bai rage laifin Alhaji ba, bai kuma ɓoye nasa a bayan na Alhaji ba.

Ya yi mako uku a tsare. Daga baya alƙali ya ɗora masa ɗawainiyar jinya aka sake shi. Ya sayar da tirelar ya yi abin da aka ce. Masu kwangila suka daina kiran sa, kamar yadda Alhaji ya yi alkawari. A tasha kuwa, abokan sana'arsa, waɗanda ya kamata su tashi tsaye in ya shigo, su ne suke yi masa dariya. Wani ya ce, "Ga mai kai ƙarar kansa nan." Wani ya ce, "Allah ya rufa maka asiri ka yaye da hannunka." Ku ji fa. Har sunan Allah suka jawo cikin rashin kunyarsu. Rufin asirin da Allah yake yi wa bawa ba lasisin taka haƙƙin wani ba ne.

Amma duk wannan ba shi ne mafi zafi ba. Mafi zafi shi ne ranar da aka sallami Hashimu, Ilu ya je ƙauyen gaishe shi. Ya same shi zaune a kan tabarma a zaure, dungulmin ƙafar naɗe da bandeji, keken ɗinkinsa a kusurwa an rufe shi da zane.

Hashimu ya ce, "Kai ne direban?"

"Ni ne."

"Me ya kai ka faɗa? Da ka bar ni. Da aka ce tsauni ne, na ce daga Allah ne, na fara haƙura. Yanzu ka zo ka ba ni fuskar da zan riƙa gani duk lokacin da na miƙa hannu zan sosa ƙafar da babu ita. Ka raba ni da ƙafa, ka zo ka raba ni da haƙuri. Tashi ka fita daga gidana."

Ilu ya ce, "Ka yi gaskiya." Ya tashi ya fita.

Wani a cikinku zai ce to ai shi ke nan, ya sauke nauyi, alƙali ma ya sallame shi. Ilu bai ga haka ba. Damina ta zo, gonar Hashimu tana zaune ba mai noma. Ilu ya ɗauki fartanya ya je ya share, ya shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai. Ranar da za a kai Hashimu wankin ciwo, tun da safe a-kori-kura tana ƙofar gida. Mudi ya ɗauko ƙaninsa ya sa a gaba, su tafi su dawo, Hashimu ya kawar da kai yana kallon taga. Ilu ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya yi sannu, ba a amsa ba. Wata rana ma a gaban jama'a Hashimu ya kira shi azzalumi, ya tofar da yawu. Mako na gaba Ilu ya dawo. Wata bakwai ana haka, shi kuwa a gida wani lokaci sai Hansai ta yi surfen maƙwabta sannan a ɗora tukunya.

Da kaka ta yi, ya kwaso amfanin gonar ya zuba musu a rumbu. Sannan ya je wurin mai waldar nan, suka yi ta gwaji har suka ƙera mariƙin da za a riƙa juya keken ɗinki da hannu. Ya kawo ya ɗaura, ya fita bai jira godiya ba, kuma ba a yi masa ba. Keken ya yi wata guda a rufe. Sai wata rana da Ilu ya zo, tun daga waje ya ji ƙarar ɗinki.

Bayan wannan da 'yan kwanaki, suna dawowa daga asibiti su biyu, Hashimu ya yi masa magana a karo na farko ba da zagi ba. Ya ce, "Har yau ba ka ba ni amsa ba. Ba wanda ya gan ka. Me ya sa ka zo?"

Ilu ya ce, "Malam Hashimu, ni ba ni da ilimi. Amma na ji malamai suna cewa haƙƙin mutum ba a yafe shi sai mai shi ya yafe. Sai na ga ko ba daɗe ko ba jima sai na tsaya a gabanka. In ban tsaya a nan ba, zan tsaya a can, kuma a can babu gonar da zan nome maka."

Suka shiga ƙauye. Da za a sauke Hashimu, sai ya ce, "Ban yafe ba tukuna."

Ilu ya ce, "Ban zo in matsa maka ba. Ranar Talata zan zo da wuri."

Sai da aka shekara biyu. Wata Juma'a bayan an idar da salla, Hashimu ya dogara sandunansa ya miƙe a gaban jama'ar ƙauye, ya ce, "Ku tsaya ku shaida. Mutumin nan shi ya yi sanadin ƙafata, kuma na zage shi zagin da ban taɓa yi wa kowa ba. Yau na yafe masa duniya da lahira. Ni ma ina roƙon ya yafe mini." Ilu ya zauna a ƙasa a wurin ya rufe fuska da hula yana kuka, babba da shi. Mudi, wanda ya mare shi, shi ne ya kama hannunsa ya tashe shi.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce daga nan Ilu ya yi arziki, gidan Alhaji kuma ya ƙone. Ilu bai yi arziki ba. Ya ci gaba da ɗaukar itace da buhunan manoma a tsohuwar motarsa har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu a gidan haya. Alhaji Ɗanjummai kuwa kwangila ta yi ta zuwa, ya ƙara gidaje, ya rasu a kan katifa mai laushi, bai taɓa taka ƙauyen nan ba, bai taɓa sanin kamannin Hashimu ba. Wannan shi ne abin tsoro. Ilu ya tafi an sauke masa. Alhaji ya tafi da nasa lodin a ka, kuma ni ban san yadda suka ƙare ba, Allah ne ya sani.

To ga abin da nake so ku riƙe. Mutumin kirki ba shi ne wanda bai taɓa cutar da kowa ba. Mutumin kirki shi ne wanda in ya cutar, yakan koma da ƙafarsa ya ce ni ne, ko ba wanda ya gani, ya kuma tsaya ya ɗauki abin da zai biyo baya. Kuma laifin da aka sa ka ka yi, kai da wanda ya sa ka duk kuna ciki. "Oga ne ya ce" ba za ta fitar da kai ba. "Ban riƙe sitiyari ba" ba za ta fitar da oga ba.

Kai direban da kake tula kaya har mota tana tafiya a karkace, da kai nake. Kai mai mota da kake cewa ƙara, ƙara, kana zaune a inuwa, da kai nake. Kai magini da ka rage siminti ka shafe da fenti, kai da ka bugi akuyar talaka ka ƙara wuta, kai da ka ga gaskiya da idonka aka tambaye ka ka ce ba ka tuna ba, duk da ku nake. Kowannenku yanzu da nake magana akwai wani mutum da ya faɗo masa a rai. Na ga yadda wasu suka sunkuyar da kai. Wannan mutumin, in yana da rai, kun san hanyar gidansa. In ya rasu, kun san 'ya'yansa. Kada ku ce mini za ku yi istigfari a nan ku tashi, ba ni kuka cuta ba, ba masallaci kuka cuta ba. Ku je ku same shi. Zai yiwu ya zage ku, zai yiwu ya kore ku. Ku koma. Gara ya zage ku yau, kuna da bakin ba shi haƙuri da hannun yi masa aiki.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane tun muna numfashi. Ku tashi a tayar da salla.